Takardun tambayoyin da ke auna saurin jin ciwo: ta yaya ake sanin abin dogaro ne?

Idan ka shafe watanni ko shekaru kana fama da ciwon baya, ciwon wuya, ciwon gaɓoɓi ko ciwon jiki baki ɗaya, wataƙila ka taɓa shiga wannan hali: an ɗauki hoto, an gwada jini, likita ya duba ya ce bai ga abin da zai jawo zafi mai yawa haka ba, alhali kai ka san ba ƙarya kake yi ba. A wasu asibitoci, musamman a sashen gashin ƙashi, daga nan sai a miƙo maka takarda cike da tambayoyi game da barcinka, gajiya, yanayin cikinka da yadda kake jin zafi. A ƙarshe a haɗa maki a rubuta a katinka.

Makin nan yana iya shafar maganin da za a ba ka, da sashen da za a tura ka, da ma yadda za a fahimci kukanka. Don haka ka cancanci sanin inda takardar ta fito, da irin gwajin da aka yi mata kafin ta iso hannunka. A wannan bayani za mu duba yadda masana ke jarraba irin waɗannan takardu, abin da gwajin ya nuna, da abin da makinka zai iya faɗa wa likita.

Me ake nufi da saurin jin ciwo?

A likitance, ciwon da ya wuce wata 3 yana ci gaba ko yana dawowa shi ake kira ciwo mai daɗewa. Haka yake a sabon kundin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022.

Zafin da kake ji saƙo ne. Yana tashi daga wurin da ya samu rauni, ya bi jijiyoyi zuwa laka, daga laka ya hau ƙwaƙwalwa, a can ne ake jin sa. A shekarar 1983 wani masani mai suna Clifford Woolf ya nuna a jikin ɓeraye cewa bayan rauni, ƙwayoyin jijiyar da ke cikin laka kan ƙara kaifi, har su riƙa amsa ƙaramin saƙo da ƙarfin da bai dace da shi ba. Ka ɗauka rediyo ce aka murɗe muryarta har ƙarshe: abin da tashar ke watsawa bai canja ba, amma ƙarar ta cika ɗakin.

Ga wasu mutane wannan kaifi yakan lafa idan rauni ya warke. Ga wasu kuwa yakan zauna. Sai ka ga taɓawa kaɗan tana zafi, abin da ya kamata ya yi ɗan zafi ya zama azaba, ciwon kuma ya bazu zuwa wuraren da ba su taɓa samun rauni ba. Sau da yawa yakan zo tare da rashin barci, kasala, mantuwa, da ƙin haske ko ƙamshi mai ƙarfi. Ana ganin wannan a cutar faibromayaljiya mai sa ciwon jiki ko'ina, da wasu masu ciwon baya, da wasu masu amosanin gaɓɓai, da wasu masu sikila da ciwo ya zame musu na kullum ko da ba su cikin tashin ciwon. A 2017 ƙungiyar masana ciwo ta duniya, IASP, ta amince da suna na musamman ga ciwon da ke tasowa daga sauyin aikin jijiyoyi irin wannan, domin a bambanta shi da ciwon rauni da kuma ciwon lalacewar jijiya.

Matsalar ita ce hoton ƙashi ko gwajin jini ba sa nuna wannan kaifi. Shi ya sa masana suka koma ga tambayar majinyaci da kansa, amma a tsare, ta yadda za a iya kwatanta amsar yau da ta gobe, da ta wannan mutum da ta wancan.

Takardu biyu da aka fi amfani da su

Ta farko ana kiranta CSI. Tom Mayer da Randy Neblett da abokan aikinsu ne suka fitar da ita a 2012 a birnin Dallas na Amurka. Kashinta na farko yana da tambayoyi 25. Ana tambayarka, misali, ko kana tashi daga barci a gajiye, ko tsokokinka na sandarewa, ko kana fama da gudawa ko taurin bayan gida, ko haske mai ƙarfi na damun ka, ko ƙamshin turare na sa ka jiri, ko kana yawan fitsari. Kowace tambaya tana da amsa biyar, daga "ban taɓa ba" mai maki 0 zuwa "kullum" mai maki 4. Jimlar maki tana tsakanin 0 da 100. Kashi na biyu ba a ba shi maki, tambaya ce kawai ko likita ya taɓa ce maka kana da wasu cututtuka, kamar faibromayaljiya ko ciwon ɓarin kai.

Ta biyu ana kiranta PSQ. Ruth Ruscheweyh da abokan aikinta ne suka fitar da ita a Jamus a 2009. Ita ba ta tambayar alamomin da kake da su. Tana kawo maka yanayi 17 na rayuwar yau da kullum, ta ce ka ƙiyasta zafin da za ka ji daga 0 zuwa 10: ka buge ƙwaurinka da abu mai tauri, shayi mai zafi ya ƙona maka harshe, ka ciji lunkutunka kana cin abinci, da makamantansu. Guda 14 daga ciki abubuwa ne masu zafi. Sauran 3 ba su da zafi ga mafi yawan mutane, kamar wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, an sa su ne domin su zama ma'aunin kwatance.

Ka ga ke nan duk da ana ambaton su tare, aikinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya tana ƙirga alamomin da ke raka ciwo, ɗayar tana tambayar yadda kake hasashen jin zafi.

Darasi daga mudun kasuwa

Kafin mu shiga gwaje-gwajen, ka tuna da mudun awon hatsi. Abubuwa biyu kake so daga gare shi. Na farko, idan aka auna gero yanzu, aka zube aka sake aunawa, ya ba da abu ɗaya. Na biyu, abin da ya ba da ya zama cikakken mudu na gaskiya.

Mudun da aka bubbuga gindinsa ya lotsa ciki zai ba ka awo iri ɗaya sau ɗari, amma duk sau ɗarin an tauye ka. Ya cika sharaɗi na farko, ya faɗi a na biyu.

Haka takardar tambayoyi take. Sharaɗi na farko za mu kira shi tsayuwar awo, wato ta riƙa ba da sakamako iri ɗaya matuƙar halin majinyaci bai sauya ba. Na biyu za mu kira shi sahihancin awo, wato ta auna ainihin abin da aka ce tana aunawa. Takardar da ba ta da tsayuwa ba za ta taɓa zama sahihiya ba. Amma tana iya samun tsayuwa ƙwarai ta kuma zamana wani abu dabam take aunawa. Ka riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Gwaji na farko: shin tambayoyin suna tafiya tare?

Idan duk tambayoyin takarda abu ɗaya suke nema, to wanda ya ba da maki mai yawa a wannan tambaya ya kamata galibi ya ba da mai yawa a sauran. Masana kan raba takardar ga mutane masu yawa, sannan su yi wani lissafi da Lee Cronbach ya bayyana a 1951, wanda ake kira alfa. Sakamakonsa yakan faɗo tsakanin 0 da 1. Galibi ana karɓar 0.70 zuwa sama. Idan ya haura 0.95 kuma akan yi zargin cewa wasu tambayoyin maimaita juna kawai suke yi.

A binciken farko na CSI an samu alfa kusan 0.88, wanda yake mai kyau ne. Sai dai a lura, yawan tambayoyi shi kaɗai yana ɗaga wannan lamba. Kuma alfa mai kyau yana nuna tambayoyin na tafiya tare ne kawai, bai ce komai a kan inda suka dosa ba.

Gwaji na biyu: a sake tambaya bayan kwanaki

Wannan shi ne ya fi kama da sake awon gero. Ana ba mutane takardar su cika, bayan wasu kwanaki a sake ba su, sai a kwatanta amsoshin biyu.

Tazarar da ke tsakani tana da muhimmanci. Idan aka sake tambayarka gobe, za ka tuna abin da ka faɗa jiya ka maimaita shi, takardar ta samu yabon da ba ta cancanta ba. Idan aka bari sai bayan wata uku, wataƙila ciwon kansa ya sauya, a ɗora wa takardar laifin da ba nata ba. Shi ya sa akan zaɓi mako ɗaya zuwa biyu. Bincike mai kyau kuma yakan tambayi kowane mutum ko jikinsa ya sauya a tsakanin, a ware waɗanda suka samu sauƙi ko ciwonsu ya ƙaru, a yi lissafi da waɗanda suke nan yadda suke.

Lambar da aka fi amfani da ita a nan ana kiranta ICC, ita ma daga 0 zuwa 1 take. Wani ma'auni da masu bincike ke yawan bi ya raba ta kamar haka: ƙasa da 0.50 rauni ne, 0.50 zuwa 0.75 matsakaici, 0.75 zuwa 0.90 mai kyau, sama da 0.90 mai kyau ƙwarai. A binciken farko na CSI, daidaiton amsar farko da ta biyu ya kai kusan 0.82. Fassarorin da aka yi zuwa wasu harsuna su ma galibi sun nuna tsayuwa mai kyau, haka nan PSQ. A wannan fanni dai takardun biyu sun yi abin a yaba.

Gwaji na uku: nawa ne kuskuren awon?

Ko sikelin asibiti ka hau sau biyu a jere, kana iya ganin ɗan bambanci. Takardar tambayoyi ta fi sikeli saurin kaɗawa, domin amsarka na iya bin yadda ka kwana, ko gajiyar layin ganin likita, ko wanda ya karanta maka tambayar.

Don haka masana kan lissafa girman wannan kaɗawa, daga nan su fitar da mafi ƙarancin sauyin da za a iya cewa na gaske ne. Ƙa'idar ita ce a ninka kuskuren awon da kusan 2.8. Ga misali na koyarwa kawai: a ce kuskuren awon wata takarda maki 4 ne. Idan aka ninka, an samu kusan 11. To idan makinka ya sauka daga 52 zuwa 47 bayan wata biyu kana jinya, bambancin maki 5 ne, yana cikin abin da kaɗawar awo kaɗai za ta iya kawowa. Idan kuwa ya sauka daga 52 zuwa 38, wato maki 14, likita na da hujjar cewa an samu sauyi na haƙiƙa.

Amfanin wannan gare ka shi ne kada ɗan hawa ko ɗan saukar maki ya tayar maka da hankali, kuma kada a canja maka magani saboda bambancin maki biyu ko uku kaɗai.

Gwaji na huɗu: shin abin da aka ce take aunawa shi take aunawa?

A nan ne aikin ya fi wuya. Don a san mudu cikakke ne, ana kwatanta shi da wani da aka amince da shi. To da me za a kwatanta takardar saurin jin ciwo, alhali ba a iya leƙa lakar mutum mai rai a ga kaifin jijiyoyinsa kai tsaye?

Abin da ya fi kusa shi ne gwajin jin jiki da ake yi a ɗakin bincike. Akwai wata 'yar na'ura da ake danna wa a tsoka ana ƙara ƙarfi a hankali, har ka ce dannawar ta fara zafi, sai a rubuta ƙarfin da aka kai. Akwai gwajin tsikara wuri ɗaya sau da yawa a jere da ƙarfi iri ɗaya, a ga ko zafin na ƙaruwa. Akwai na tsoma hannu cikin ruwa mai ƙanƙara, da na ɗumama fata da na'ura. Akwai kuma na duba ko zafi a wani sashen jiki yana rage jin zafi a wani sashen, abin da jiki mai lafiya ke yi da kansa.

Idan takarda tana auna kaifin jijiyoyi da gaske, mai maki da yawa ya kamata ya nuna saurin jin zafi a waɗannan gwaje-gwaje. Wani babban nazari da aka buga a 2023, wanda ya tattara bincike masu yawa wuri guda, ya duba wannan. Ya gano cewa makin CSI yana da alaƙa mai ƙarfi da ciwon damuwa, fargaba, matsalar barci, tsoron motsa jiki da yawan zullumin ciwo. Amma alaƙarsa da gwaje-gwajen dannawa da tsikarawa mai rauni ce, a wasu wuraren ma babu. PSQ ita ma ba ta dace sosai da waɗancan gwaje-gwaje ba, sai dai ta yi daidai da yawan zafin da mutane suka ce sun ji a gwajin zafi da na ruwan ƙanƙara, kuma ba ta manne da matsalolin damuwa kamar CSI ba.

Kada ka fahimci wannan a matsayin cewa ciwonka tunani ne kawai. Wanda ciwo ya hana shi barci shekara guda dole hankalinsa ya tashi, tashin hankali da rashin barci kuma suna ƙara zafin ciwo. Abin da binciken ya nuna shi ne CSI ta fi ƙwarewa wajen nuna nauyin da ciwo ya ɗora wa rayuwar mutum. Wannan ma bayani ne mai amfani ga likita, amma ba hujja ba ce kai tsaye cewa jijiyoyin lakarka sun ƙara kaifi.

Akwai kuma wani abin lura. Mai ciwon suga yana yawan fitsari. Mai ƙarancin jini yana gajiya. Mace mai sabon ciki ƙamshi na tayar mata da zuciya. Duk waɗannan za su ɗaga makin CSI ba tare da kaifin jijiya ya shigo ciki ba. Takarda ba ta san wannan ba, likitan da ya saurare ka ya kuma duba ka shi zai rarrabe.

Me maki 40 ke nufi?

A 2013 masu CSI suka ba da shawarar a ɗauki maki 40 a matsayin iyaka. A bincikensu, cikin kowane mutum 100 da ke da cututtukan da ake dangantawa da kaifin jijiyoyi, iyakar ta kama kusan 81, ta tsallake 19. Cikin kowane mutum 100 da ba majinyata ba kuwa, kusan 75 sun faɗo ƙasa da iyakar, amma 25 sun haura ta.

Wato mutum ɗaya cikin huɗu da ba ya jinya ya samu makin da zai sa a zarge shi da matsalar, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu ita ya wuce ba a gane shi ba. Irin wannan ma'auni ya dace da tantancewa ta farko, wadda ke gaya wa likita inda ya kamata ya ƙara dubawa. Bai isa a yanke hukunci da shi ba. Bayan haka, a Amurka aka samo lambar 40 ɗin, kuma binciken wasu ƙasashe da wasu cututtuka ya fitar da iyakoki dabam. Wanda ya samu 39 da wanda ya samu 41 kusan halinsu ɗaya ne.

Idan an fassara takarda zuwa Hausa

Takardar da ta ci gwaji da Turanci ko Jamusanci ba ta zama abin dogaro da Hausa don kawai an fassara ta. Dole a sake gwada ta daga farko. Tsarin da aka fi bi, wanda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka bayyana a 2000, yana tafiya kamar haka: mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a haɗa fassarorin a fitar da guda, wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da ita harshen farko, kwamitin masana ya duba inda ma'ana ta kauce, sannan a gwada ta ga mutum 30 zuwa 40 ana tambayarsu abin da suka fahimta. Bayan duk wannan ne ake yin gwaje-gwajen da muka bayyana a sama.

Dalilin wannan wahala a bayyane yake. A cikin PSQ akwai tambayar da ke cewa ka ƙiyasta zafin sa hannu cikin dusar ƙanƙara. Manomin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, me zai ƙiyasta? Sai an nemo abin da ya sani mai kama da haka, sannan a tabbatar sauyin bai ɓata awon ba. Kalmomin ciwo ma suna da nasu. Da Hausa akwai zafi, zogi, raɗaɗi, suka, sara, murɗa da tsamin jiki, kowanne da abin da yake nufi. Fassarar da ta tattara su duka ta kira su "zafi" za ta rasa abin da majinyaci ke son faɗa.

Sai kuma hanyar cikawa. Galibin waɗannan takardu an tsara su ne mutum ya karanta ya cika shi kaɗai. A asibitocinmu sau da yawa ma'aikaci ne ke karantawa, wani lokaci yana juya Turanci zuwa Hausa nan take da kalmomin da suka zo masa. Ma'aikata biyu za su juya tambaya ɗaya ta hanya biyu, tsayuwar awo ta rushe. Ga kuma al'adarmu ta dauriya: ko mutum na cikin azaba, in aka ce "yaya jiki?" sai ya ce "da sauƙi". Mace kuma tana iya jin nauyin amsa tambayar fitsari ko ciwon mara a gaban mijinta ko surukarta.

An riga an fara wannan aiki. Masana gashin ƙashi a Kano sun fassara wasu takardun da suka shafi ciwon baya zuwa Hausa, sun kuma gwada su ga majinyata, ciki har da takardar Oswestry mai auna yadda ciwon baya ke hana ayyukan yau da kullum, da wata mai auna zullumin ciwo wadda aka gwada ga mutanen birni da na karkara. Don haka idan aka kawo maka takarda, kana da damar tambaya ko fassarar da aka gwada ce.

Yadda za ka taimaka makinka ya zama gaskiya

Rabin tsayuwar awon a hannunka yake. Ga abubuwan da muke ba da shawara:

Faɗi abin da kake ji yadda yake. Idan ka rage don kada a ce ka cika raki, za a ɗauka ka fi yadda kake lafiya. Idan ka ƙara don a kula da kai da sauri, za a iya bin hanyar maganin da ba taka ba.

Duba lokacin da aka tambaya a kai. Idan ana tambayar yadda kake a galibin kwanaki, kada ka amsa da ranar da ciwon ya fi tsanani kaɗai.

Idan ba ka gane tambaya ba, ka ce a sake bayani. Amsar cika-baki ta fi rashin amsa illa.

Idan akwai tambayar da ba ka son amsawa a gaban wanda ya rako ka, ka nemi a ba ku wuri kai da ma'aikacin lafiya.

Sanar da likita sauran cututtukan da kake da su, da duk maganin da kake sha, har da na gargajiya da wanda ka saya a kemis.

Idan za a sake ba ka takardar a wani zuwan, ka nemi a bi hanya iri ɗaya da ta farko, harshe ɗaya, kuma in a farko karanta maka aka yi, a sake karanta maka.

Ku kuma 'yan uwa masu rakiya, ku bar majinyaci ya amsa da bakinsa. Abin da kuka lura da shi a gida, kamar rashin barci ko daina zuwa gona ko kasuwa, yana da amfani, amma ku faɗa wa likita shi dabam bayan an gama cika takardar.

Abin da sakamakon zai iya canjawa a jinyarka

Idan makinka ya yi yawa, kuma labarin ciwonka da binciken likita suka tafi tare da shi, akan sauya salon jinya. Ciwon da ke da nasaba da kaifin jijiyoyi ba ya cika jin magungunan kumburi irin su ibuprofen da diclofenac, kuma daɗewa ana shan su yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tramadol da danginsa suna kama jiki, kuma ga wasu mutane daɗewa a kansu yana ƙara saurin jin zafin da ake gudu. Abin da aka fi samun amfani da shi shi ne motsa jiki da ake farawa kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, gyara barci, fahimtar yadda ciwon ke aiki, magance damuwa idan akwai, da wasu magunguna masu aiki a kan jijiyoyi waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su ya kuma bi diddiginsu.

Idan makinka ya yi ƙasa, hakan bai ƙaryata ciwonka ba. Yana nufin wannan takarda ba ta nuna wannan hanya ba, sai a ci gaba da neman dalili.

Alamomin da ba a jira da su

Kowane irin maki ka samu, maki mai yawa ba ya kore wata cuta da ke buƙatar kulawa ta gaggawa. Ka hanzarta zuwa asibiti idan ciwonka ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan:

Kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsari.

Mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko raunin ƙafa da ke ƙaruwa.

Rama ba dalili, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko gumin dare, musamman ga wanda ya taɓa tarin fuka ko ya zauna da mai shi, domin cutar na iya kama ƙashin baya.

Sabon ciwon ƙashi ga wanda ya taɓa fama da ciwon daji.

Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko zazzaɓi ga mai sikila.

Tunanin cutar da kai saboda tsananin ciwo.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma an ba ka takardar tambayoyi a zuwanka na gaba, ga abin da za ka iya tambayar likita bayan an haɗa makin: Me wannan takarda ke aunawa? An gwada ta da harshen da na amsa? Shin makin ya dace da abin da kuka gani da kuka duba ni? Sauyin maki nawa ne zai nuna cewa jinyar tana aiki? Ka rubuta makin da ranar da aka ɗauke shi ka ajiye tare da katin asibitinka, ka zo da shi duk lokacin da za a sake auna ka.